Aikin Mishan Cikin Tsiganawa, Matalautan Ƙasashen Turai

A nahiyar Turai, inda ake zaton kowa ya wadata, akwai wata al'umma mai mutum miliyon 10 zuwa 12 wadda ta shekara ɗaruruwa tana zaune a bayan gari, ba gona, ba fili, ba mai shigar mata faɗa. Sunanta Tsiganawa. Tun daga shekara ta 1950 wani aikin wa'azin Kirista ya bazu a cikinta, ya yi nasarar da waɗanda suka riga shi ba su yi ba. Ga yadda abin ya faru, da abin da ya gyara, da kuma abin da ya gagare shi.

Takarda a cikin jaka

Cikin shekara ta 1950, a garin Lisieux da ke arewa maso yammacin ƙasar Faransa, an kwantar da wani saurayi a asibiti da ciwon ciki mai tsanani. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, sa'an nan suka gaya wa mahaifiyarsa ta ɗauki haƙuri, domin ba su ga alamar zai tashi ba. Matar tana daga cikin mutanen da ake kira Manush, masu yawo daga gari zuwa gari da iyalansu suna ƙananan sana'o'i.

Watanni kafin wannan rana, wani mutum ya miƙa mata ƴar takardar wa'azi a kasuwa. Ba ta iya karatu ba, amma ba ta yar da ita ba, ta naɗe ta ta jefa cikin jaka. Da abin duniya ya ishe ta sai ta tuna da takardar, ta nemi wanda zai karanta mata, aka gaya mata wurin da masu ita suke taruwa. Ta tafi can ta roƙi faston ya zo ya yi wa ɗanta addu'a, ya kuwa zo. Saurayin ya samu sauƙi, ya fita daga asibiti da ƙafafunsa. Haka masu wannan mishan suke ba da labarin mafarinsu. Iyalin suka ɗauki warkewar a kan amsar addu'a, kuma wani ɗan'uwan saurayin, wanda aka fi sani da Mandz, ya shiga bin dangi zango zango yana faɗin abin da ya gani, alhali shi ma ko harafi ɗaya bai sani ba.

Su wane ne Tsiganawa?

Tsigan suna ne da Faransawa suke kiran su da shi. Galibinsu suna kiran kansu Rom, watau mutum ko miji a harshensu, kuma sunan ba shi da wata dangantaka da birnin Rum ko Romawan da. Sun kasu manyan rassa uku: Rom na gabashin Turai, da Manush ko Sinti na Faransa da Jamus, da Kale ko Jitan na Ispaniya da kudancin Faransa. Duk wanda ba nasu ba, suna ce masa gajo.

An daɗe ana gardama a kan asalinsu, sai a ƙarshen ƙarni na 18 masana harsuna suka gano cewa harshensu ɗan'uwan harsunan arewacin Indiya ne. Ruwa suna ce masa pani, gashi kuma bal, daidai da yadda ake faɗi a harshen Hindi. Kakanninsu sun baro Indiya shekaru dubu ko fiye da suka wuce, suka ratso Farisa da Armeniya, suka daɗe a ƙasashen Girka da Balkan, kafin su yi yamma. An rubuta isowarsu Faransa a 1419, suka kai ƙofar birnin Pari a 1427. A lokacin sun ce daga wata ƙasa mai suna Ƙaramar Masar suka fito, abin da ya sa har yanzu wasu sunayensu, kamar Jitan, suke nufin Bamisire.

Sana'o'insu na gado su ne ƙira, da gyaran tukwanen tagulla, da saƙar kwanduna, da dillancin dawaki, da kiɗa, mata kuma suna duban tafin hannu. Ko da yake an san su da yawo, mafi yawansu a yau zaunannu ne, musamman a gabashin Turai, cikin unguwannin da ke gefen gari. Ta wajen addini, kusan ko'ina sun bi na mutanen da suka tarar: Katolika a Faransa da Ispaniya, Otodoks a Rumaniya da Sabiya, kuma da yawa daga cikin na Turkiya da Bulgariya da Kosobo da Masedoniya Musulmi ne.

Ƙofar da aka daɗe da rufewa

Ko da yake da dama sun amsa sunan Kirista tun da daɗewa, majami'u ba su karɓe su hannu biyu ba. A 1427, da mutanen Pari suka yi ta tururuwa zuwa zangonsu domin a duba musu hannu, babban limamin cocin birnin ya yanke hukuncin fitar da masu duban da waɗanda aka yi wa daga cikin jama'ar coci, baƙin kuma suka kama hanya. A ƙasar Suwidin, a 1560, shugaban cocin ƙasar ya hana limamansa yi wa ƴaƴansu baftisma, ya kuma hana su binne matattunsu.

Abin ya fi muni a ƙasashen Walakiya da Moldabiya, waɗanda daga baya suka haɗu suka zama Rumaniya. Can bayi ne. Wata takarda ta shekara ta 1385 ta nuna sarki yana tabbatar wa wani gidan sufaye na Kirista mallakar iyalai 40 na Tsiganawa, kamar yadda ake ba da garke. Sarakuna da attajirai da gidajen ibada suka yi ta saye da sayar da su har kusan shekara 500, sai a 1855 da 1856 aka soke wannan bauta. An ƴanta su hannu wofi, ba a ba su ko taki ɗaya na ƙasa ba, kuma talaucin da ake gani yau a can daga nan ya samo tushe.

An samu masu kyakkyawar niyya jefi-jefi. Wani Baturen Ingila mai suna George Borrow, wakilin ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki, ya koyi harshen Jitan na Ispaniya, ya fassara Linjilar Luka, aka buga ta a Madrid a 1837. Shi da kansa ya ba da labarin cewa mata sun yi ta neman littafin, ba domin su karanta ba, tun da ba su iya ba, sai domin su riƙe shi a aljihu kamar laya. Wannan ita ce matsalar aikin mishan na wancan zamani: baƙo ne ke zuwa da littafi wurin mutanen da ba su karatu, ya yi kwana biyu ya tafi, abin ya mutu a bayansa.

Kundin awo da sansanin tsaro

Domin a fahimci halin da matar Lisieux take ciki, sai a dubi dokar Faransa ta ranar 16 ga Yuli 1912. Dokar ta wajabta wa duk mai yawo da ya kai shekara 13 ya riƙe wani kundi mai hotonsa, da zanen yatsunsa, da awon tsawonsa, da na kansa, da na kunnensa, irin awon da ake yi wa masu laifi. Duk garin da suka sauka sai jandarma ko magajin gari ya buga hatimi a kundin ran isowa, ya sake bugawa ran tashi. Garuruwa da yawa ba su yarda su wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Yaron da ake kora kowace safiya kuwa, yaushe zai zauna a lakwal?

Da yaƙin duniya na biyu ya tashi, a watan Afrilu 1940 gwamnatin Faransa ta hana su yawo ɗungum. Bayan Jamus ta mamaye ƙasar aka tara mutum wajen 6.500 a sansanoni kimanin 30, mafi girmansu shi ne na Montreuil-Bellay, kuma ma'aikatan Faransa ne ke tsaron su. Na ƙarshensu ba a sake su ba sai a 1946, bayan an gama yaƙi da shekara guda. A sauran ƙasashen Turai kisa aka yi musu. Masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda ƴan Nazi da abokansu suka hallaka tsakanin mutum 220.000 da 500.000. A sansanin Auschwitz, daren 2 ga Agusta 1944, an kashe dubban da suka rage a sashen Tsiganawa, yawancinsu mata da yara da tsofaffi.

Cikin wannan duhu an samu wani fada na Katolika, Jean Fleury, wanda ya riƙa shiga sansanin Poitiers yana taimakon waɗanda aka tsare. A 1948 cocinsa ta naɗa shi mai kula da harkar Tsiganawa a duk faɗin Faransa. Amma mutanen da suka fito daga sansani sun tarar kekunansu da dawakansu sun salwanta, ba wanda ya biya su, kuma kundin awo yana nan bai gusa ba.

Brest, 1952

Mandz da waɗanda suka bi shi sun so a yi musu baftisma, watau wankan shiga addini, amma fastoci suka ƙi. Dalilinsu shi ne aurensu na gargajiya ne, ba a ɗaura shi gaban magajin gari ba. Doka kuwa ba ta ɗaura aure sai mutum ya zauna wata guda a gari, jandarma kuma ba ya barin su su yi ko mako. Sai suka zama gaba kura baya sayaki.

A 1952, a birnin Brest da ke bakin teku, suka gamu da wani fasto mai suna Clément Le Cossec. An haife shi a 1921 a yankin Biritaniya ta Faransa, yana riƙe da wata majami'a a birnin Rennes, kuma ɗan ɗariƙar Fentikos ne, watau wani reshe na Furotestan masu ba da ƙarfi ga addu'ar neman waraka da waƙa da shaidar baki. Da ya ji kukansu bai tsaya ga wa'azi ba. Ya shiga neman takardu yana bin ofisoshi domin a daidaita aurensu, aka kuma yi wa gungun farko baftisma a cikin teku kusa da Brest. A 1954 aka yi babban taronsu na farko a wannan birni. A 1958 ya ajiye majami'arsa da albashinsa, ya bi su kan hanya.

Da ɗan gari akan ci gari

Abin da ya bambanta Le Cossec da waɗanda suka riga shi shi ne shawarar da ya yanke tun da farko, cewa Batsigane ne zai yi wa Batsigane wa'azi. Abokan aikinsa da yawa ba su ga hikimar abin ba, suna cewa yaya za a ɗora wa mutumin da bai iya rubuta sunansa ba jagorancin jama'a. Shi kuwa ya ga cewa fasto baƙo yana zaune wuri guda, jama'ar kuwa gobe sun tashi, saboda haka dole mai wa'azin ya zama wanda ke tafiya cikin ayarin, mai jin harshen, mai sanin wane ne surukin wane, da wace gaba ce ke tsakanin wane gida da wane gida. Mandz na cikin waɗanda aka fara naɗawa.

Ta haka saƙon ya bi hanyar zumunta. Wa ya gaya wa ƙane, suruki ya gaya wa suruki, wurin biki da wurin makoki da wurin cin kasuwa. Majami'arsu ta zama babban tanti da ake kafawa a fili a naɗe in za a tashi, kayan kiɗan kuwa su ne garaya irin ta Turawa da goge da suka gada. Masu wa'azin ba su da albashi. Da rana suna kasuwa, ko sayen tsofaffin ƙarafa, ko shafen fenti, ko sassabe itatuwa, da dare su tsaya gaban jama'a.

A 1966 aka buɗe makarantar horar da masu wa'azi a wani ƙauye na jahar Loiret. A 1968 ƙungiyar ta tsaya da ƙafafunta, ta rabu da ɗariƙar da ta raine ta. A 1972 Le Cossec ya sauka daga shugabanci ya miƙa shi ga wani Bamanushe, Georges Meyer, shi kuwa ya juya ga aikin ƙasashen waje, har Indiya inda ya kafa gidajen renon yara. A 1975 aka karɓi ƙungiyar cikin tarayyar majami'un Furotestan ta Faransa. Sunan da aka san ta da shi shi ne Vie et Lumière, watau Rai da Haske. Tun 1988 cibiyarta tana ƙauyen Nevoy kusa da garin Gien, a wani fili da ya wuce hekta 100. Mabiyanta a Faransa sun haura mutum 100.000, abin da ya sa ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin wannan tarayya.

Yaƙi da jahilci ta wata ƙofa

Addinin da suka shiga addinin littafi ne, kuma ana son kowane mai bi ya buɗe shi da kansa. Mai wa'azin da bai iya karatu ba, da farko haddace ayoyi yake yi in an karanta masa, amma wannan ba ya kai shi nesa, domin wata rana yaro zai tambaye shi abin da ke shafi na gaba. Sai magidanta masu shekara 30 da 40, waɗanda lakwal ta kora ko ba ta taɓa gani ba, suka durƙusa koyon baƙi da wasali. Abin da dokar tilasta karatu ta kasa yi cikin shekaru masu yawa, buƙata ta sa suka yi da kansu. Wanda ya iya karanta Linjila kuwa ya iya karanta takardar haraji, da sammacin kotu, da rubutun likita, ba mai sake sa shi dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba.

Matéo Maximoff shi ne misalin da aka fi ambata. An haife shi a Barcelona a 1917, maƙerin tukwane ne ɗan maƙeri, bai yi zaman aji ba, kuma yana cikin waɗanda aka tsare a sansani lokacin yaƙi. Littafinsa na farko ya fito a 1946, ya zama ɗaya daga cikin marubutan farko na al'ummarsa. A farkon shekarun 1960 ya shiga wannan mishan ya zama fasto, ya ɗauki shekaru yana fassara Sabon Alkawari zuwa harshen Rom na reshen Kaldarash. Fassarar ta fito a shekarun 1990, kafin rasuwarsa a 1999. Tsakaninsa da Borrow shekara 150 ne da ɗoriya, kuma a wannan karo mai harshen ne ya riƙe alƙalami.

Sai dai karatun manya bai warware matsalar yara ba. Yaron da iyayensa ke tashi kowane mako yana shiga aji goma a shekara, ko kuma ba ya shiga ko ɗaya, matsalar da jami'an ilimi na Nijar suka sani sarai a yankunan makiyaya. Saboda haka wata ƙungiya mai suna ASET, mai aiki tare da makarantun Katolika, ta mai da wasu kamyo-kamyo azuzuwa, da allo da tebura a ciki, malami ya tuƙa har zango ya koyar da yara a bakin ƙofarsu.

Daga Faransa zuwa sauran ƙasashe

Cikin shekarun 1960 Jitan na Ispaniya suna zuwa kudancin Faransa ƙodagon tsinkar inabi. Wasunsu suka ji wa'azin a can, suka koma gida da shi a tsakiyar shekarun, suka kafa abin da ya zama Majami'ar Filadelfiya, wadda fastocinta da shugabanninta duk Jitan ne. Maƙwabta suka laƙaba musu sunan ƴan Aleluya saboda yawan ambaton kalmar. A shekarun 1980, sa'ad da hodar iblis mai suna heroyin ta shiga unguwannin matalauta na Ispaniya tana kashe samari, waɗannan majami'u suna cikin wuraren da iyaye suka riƙa kai ƴaƴansu neman tsira.

Bayan faɗuwar mulkin kwaminis a 1989, irin wannan wa'azi ya bazu a Rumaniya da Bulgariya da Hungari da Slobakiya, wani ta hannun mishan na Faransa, wani ta hannun wasu majami'u dabam. A 2010 masana na cibiyar kimiyya ta ƙasar Slobakiya suka bi unguwannin Rom da mishan ya shiga suna bincike. Sun tarar shan giya da caca da cin bashi sun ragu a tsakanin waɗanda suka shiga, zuwan yara lakwal kuma ya ƙaru.

Cocin Katolika ita ma ta motsa. Ranar 26 ga Satumba 1965 Paparoma Paul na shida ya je zangonsu a Pomezia kusa da birnin Rum, ya gaya musu cewa wurinsu a tsakiyar coci yake, ba a gefenta ba. A 1997 aka ɗaukaka wani dillalin dawaki Bajitane, Ceferino Giménez Malla, wanda aka harbe a 1936 lokacin yaƙin basasar Ispaniya, zuwa matsayin masu albarka, na farko daga al'ummarsa. A watan Yuni 2019, a garin Blaj na Rumaniya, Paparoma Francis ya nemi gafararsu a kan wariya da wulaƙancin da Kiristoci suka yi musu.

Riba da hasara

Matan da mazansu suka bar giya su ne suka fi yabon wannan sauyi, domin kuɗin cefane ya daina ƙarewa a mashaya, duka kuma ya ragu a gida. Rassan da a da ba su ga maciji da juna, Manush da Rom da Jitan, suna zama ƙarƙashin tanti guda. Fasto yakan shiga tsakanin gidaje biyu masu gaba kafin a kai ga zub da jini.

Amma ba a samu wannan a banza ba. Mishan ya haramta duba, alhali duba ita ce sana'ar da mata da yawa suke ci da gida da ita, kuma ita ce ke ba su kuɗin kansu. Makaɗa da dama sun daina kiɗan mashaya da na rawa, suka rasa abin da suke samu a can. Ziyarar da ake kaiwa kowace shekara, ranakun 24 da 25 ga Mayu, garin Saintes-Maries-de-la-Mer domin girmama waliyiya Sara, sababbin masu bi suna ganin ta bautar gunki ce, ƴan'uwansu Katolika kuwa suna ganin gadon iyaye ne, har gida ɗaya yakan rabu biyu a kan haka. A ƙungiyar Faransa mace ba ta zama fasto, ko da yake mace ce ta kai takardar farko aka karanta. Akwai kuma masu sukar cewa majami'ar da Tsiganawa zalla ke cikinta tana ƙara kaurin katangar da ke tsakaninsu da sauran jama'a. Masu mishan suna amsawa da cewa ba su suka gina katangar ba, sun tarar da ita.

Abin da wa'azi bai gyara ba

A 2016 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Tarayyar Turai ta bayyana sakamakon binciken da ta yi a ƙasashe 9. Kashi 80 cikin 100 na Rom da aka tambaya suna ƙasa da mizanin talauci na ƙasashensu. Kashi 30 cikin 100 ba su da famfo a gida. Yaro ɗaya cikin uku yana gidan da wani ya kwana da yunwa aƙalla sau ɗaya cikin watan da ya gabata. Mutum yana iya barin giya da kansa, amma ba ya iya ja wa unguwarsa ruwa, ko ya tilasta wa mai masana'anta ya ɗauke shi aiki. Wannan aikin hukuma ne.

A Faransa dokoki sun sauya, amma a hankali. An soke kundin awo a 1969, aka maye gurbinsa da wata takardar yawo, kuma mai ita sai ya shekara 3 da rajista a gari guda kafin ya yi zaɓe, alhali sauran ƴan ƙasa wata 6 ya ishe su. Wannan sharaɗi ya faɗi a 2012, takardar kanta a 2017. A watan Oktoba 2016 shugaban ƙasa François Hollande ya je Montreuil-Bellay ya amsa alhakin gwamnati a kan tsarewar da aka yi musu. Wata doka ta shekara ta 2000 ta wajabta wa duk garin da ya wuce mutum 5.000 ya tanadi masauki ga masu yawo, amma garuruwa da yawa sun yi ta jan ƙafa, wasu kuma suka ajiye masaukin kusa da juji ko bakin babbar hanya.

Taron shekara-shekara na mishan shi kansa yakan jawo rigima. Mutum dubu 20 zuwa 40 sukan hallara da dubban karaban, watau ɗakunan kwana masu ƙafa da mota ke ja, wani lokaci a Nevoy, ƙauyen da mazaunansa ba su kai 1.500 ba, wani lokaci a tsohon filin jirgin saman soja da gwamnati ta ba da aro. Mazauna wurin suna kukan cunkoso da shara da ƙarancin ruwa, kukansu kuma yana da tushe. A nan ne aka ga wani amfanin da ba a yi tsammani ba. A da hukuma ba ta da wanda za ta yi magana da shi a cikin Tsiganawa sai ta bakin jandarma. Yanzu fastoci ne ke rubuta wa farfe da magajin gari tun watanni kafin tafiya, su faɗi ranar isowa da yawan motoci, a zauna a yi yarjejeniya a kan fili da kuɗin ruwa da na lantarki da kwasar shara, kowa ya sa hannu.

Clément Le Cossec ya rasu a 2001. Aikin bai girgiza ba, domin shekara 29 ke nan da ya bar shi a hannun masu shi. Duk ma'aikacin da aka aika cikin jama'ar da ba tasa ba, ko malamin yaƙi da jahilci ne, ko na gona, ko na asibiti, yana da abin dubawa a nan, ko da addininsa ba nasu ba ne. Mutumin nan ya fara da matsalar da mutanen suka kawo masa, watau takardar aure, ya horar da na cikinsu, ya kuma sauka tun yana da ƙarfinsa. Waɗanda ke rubuta wa farfe wasiƙa a yau ƴaƴa ne da jikokin mutanen da ake auna kawunansu a ofishin jandarma. Sauran aikin, watau ruwa da masauki da lakwal da aikin yi, yana jiran amsar hukuma.